Ranar da Kawu Ya Faɗi a Gonar Masara

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya a ƙaramin asibitin garinmu, tsakanin Dayi da Malumfashi, lokacin da masu binciken suka zo. Suka ce wani sabon haɗin maganin hawan jini ake son gwadawa, kuma ba mu kaɗai ba ne. Asibitoci da yawa ne a jihohi daban-daban, kowa zai bi tsari ɗaya, ya cike fom iri ɗaya, a ƙarshe a haɗa sakamakon wuri guda. Yawancinsu na birni ne. An sa namu ne don a ga yadda maganin zai yi a jikin manomi, tunda abin da ya karɓi mai zaman ofis ba lallai ya karɓi mai yini a gona ba.

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na sha ganin dattawa ana kawo su baki ya karkace, hannu ya saki, a ce iska ce ta buge su, alhali jini ne ya hau shekara da shekaru ba wanda ya auna. Aka kai mu Funtua kwana uku aka koya mana aikin. Abin da aka fi nanatawa shi ne: duk wanda wani abu ya same shi yana kan maganin, ko da tuntuɓe ya yi, a rubuta, a aika babbar cibiyar binciken kafin kwana ɗaya ya wuce.

Maganin a kwali yake zuwa, kowane kwali da lambarsa. Wasu sabon haɗin ne a ciki, wasu tsohon maganin da aka saba, kuma kamarsu ɗaya. Ba ni ba, ba mai shan ba, ba wanda ya san wanne ne wanne. Sai a cibiya.

Cikin mutanen farko da na sa har da kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda a gidansa na tashi bayan rasuwar babana. Masara yake nomawa da waken suya, kuma jininsa ya daɗe yana sama. Na zauna gefen tabarmarsa na karanta masa takardar amincewa. Hausar takardar ta fi ƙarfin kowa a garin, sai na riƙa faɗa masa da bakina. Bai bari na kai ƙarshe ba.

"Ke dai kin yarda da abin nan?"

"Na yarda, Kawu."

"To miƙo tawadar."

Ya dangwala. Da aka ji ya shiga, dattawan unguwarmu suka biyo bayansa, saboda an san shi ba ya karɓar abu da sauri.

An haɗa mu da wani likita mai sa ido, ɗaya daga cikin waɗanda suka koyar da mu a Funtua, wanda yake zuwa daga birni duk bayan mako biyu. Tun zuwansa na farko jinina bai haɗu da nasa ba. Zai tarar da dattawa jere a kan benci tun safe, sa'o'in ubansa, ya ratsa ta gabansu yana waya, ko hannu ba zai ɗaga ba. Bai taɓa tambayar sunan mutum ba. "Ina lamba goma sha bakwai?" haka yake cewa. Lamba goma sha bakwai kuwa limamin masallacinmu ne.

Ranakun dawowa awo kwamfuta ce take tsarawa daga can. Ba ruwanta da ranar kasuwa, ba ruwanta da ruwan shuka. Da damina ta faɗi sai benci ya zama wayam. Na ce masa a bari in riƙa bin mutane da yamma bayan sun taso daga gona. Ya ce tsari bai yarda ba, dole a auna kowa da safe kamar yadda ake yi a sauran asibitocin. Sai ya juyo min da wayarsa, jerin asibitocin ne daga sama zuwa ƙasa.

"Sista, duba. Ku ne na ƙarshe. Kullum ni ake kira ana tambaya. In mutanenki ba sa so, akwai wuraren da ke roƙo."

Na koma bin gidaje bayan asuba ina lallashin mutane su biyo ta asibiti kafin su wuce gona.

A wannan watan mutum biyu suka ce min suna jin jiri in sun miƙe daga sunkuyo. Na faɗa masa. Ya ce damina ce, kowa ya gaji, ba a cin abinci a kan lokaci, in rubuta "gajiya" a gefen kati ya isa. Na rubuta. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Ranar da abin ya faru ana cikin maimai ne, wato noma na biyu, masara ta kai gwiwa. Wajen azahar na ji mashin ya tsaya da ƙarfi a ƙofar asibiti. Maƙwabtan gonar Kawu biyu ne suka sa shi a tsakiya, kansa ya langaɓe a kafaɗar mai tuƙin, jini ya wanke masa rabin fuska. Suka ce ya miƙe ne daga kan kunya, ya yi taku biyu, ya zube, goshinsa ya sauka a kan bakin fartanya. Na auna shi. Jinin ya yi ƙasa sosai, har na sake aunawa don na zaci na'urar ce. Na sa masa ƙarin ruwa, na ɗinke goshin. Sai bayan la'asar ya gane ni.

A ranar na cike takardar rahoto. Tsarinmu shi ne in miƙa wa mai sa ido, shi ya tura. Na kira shi, ya ce in riƙe tukuna, yana zuwa. Bai zo ba sai bayan kwana biyu.

Ya karanta a tsaye, ya ajiye a kan tebur.

"Sista, wannan rana ce ta buge shi. Dattijo, a gona, tsakar rana. Me ya haɗa shi da magani?"

"Likita, shekara hamsin yana noma a wannan ranar. Bai taɓa faɗuwa ba."

"Kin ma san me yake sha? Wataƙila tsohon maganin ne."

"Ban sani ba. Shi ya sa za a aika wa waɗanda suka sani."

Ya ja kujera ya zauna, ya sassauta murya, abin da bai taɓa yi min ba. Ya ce in wannan takarda ta tafi, za a turo mutane su binciki kowane fayil, kuma dama ana neman dalilin cire mu tunda mu ne a baya. Ya ce tunda Kawu ba zai ci gaba da sha ba, akwai hanya mai sauƙi: a rubuta cewa ya janye da kansa. Ba ƙarya ba ce, in ji shi, ai ya janye.

"Ya janye ne ko an ɗauko shi a mashin?"

"Kawunki ne, shi ya sa kike magana haka. Dama bai kamata ki sa ɗan'uwanki ba."

Na ce masa a Funtua shi da bakinsa ya ce ko tuntuɓe ne a rubuta. Ya ce in na fi shi sanin aikin, in zo in karɓi kujerarsa. Ya fita, ya bar takardar a inda take.

A ƙasan takardar amincewa akwai lambar wayar shugabar binciken gaba ɗaya, an sa ta don masu shan magani in suna da ƙorafi. Ba wanda ya taɓa kira a garinmu. Na kira. Wata dattijuwa ce ta ɗauka, muryarta ba zafi ba sanyi. Ta saurare ni har na gama, ta tambayi awon jinin, ta tambayi ko akwai wasu masu jiri. Na faɗa mata labarin mutum biyun nan, da abin da na rubuta a katinsu.

"Ki ɗauki hoton takardun duka ki turo min yanzu," ta ce. Ba ta ce sannu ba, ba ta tambayi jikinsa ba.

Bayan 'yan makonni wasiƙa ta zo wa duk asibitocin. A rage maganin ga masu aikin ƙarfi a rana, a riƙa auna jini a zaune da kuma a tsaye, a kira duk wanda ya taɓa cewa yana jin jiri. Daga baya, a wani taro, wata nas daga wata jiha ta ce min su ma sun aika irin nawa, nasu masu dako ne a kasuwa. Wata kuma ta ce nata birkila ne. Kowa ɗaya ko biyu ya gani. Da kowa ya zauna da nasa, da kowa ya ce rana ce. Sai da aka jera su a tebur ɗaya abin ya fito. Wannan na yarda da shi, kuma ko yau aka tambaye ni amfanin haɗa asibitoci da yawa, shi zan faɗa.

Amma mai sa idon nan shi ya zo ya karanta mana wasiƙar, yana ɗaga yatsa, yana cewa kun ga muhimmancin kai rahoto a kan lokaci. Ina zaune a gabansa. Bai kalle ni ba. Da wannan zangon na binciken ya ƙare aka ce za a kawo wata nas daga Malumfashi ta riƙe fayilolin, wai don kada a sami dangantaka tsakanin ma'aikaci da masu shan magani. Shi kuwa yana nan har aka gama.

A gari abin ya fi min ciwo. Aka fara cewa na sayar da jinin mutane. Matar Kawu, wadda ta yi min kitso tun ina ƙarama, in na gaishe ta sai ta amsa tana kallon murhu. Shi Kawu bai yi min faɗa ba. Ranar da na je cire zaren goshinsa ya ce, "Ban ce kin cuce ni ba. Amma na tambaye ki, kika ce kin yarda. Na ɗauka kin sani ne." Na ci gaba da cire zaren. Ya tambaye ni wanne ya sha, sabon ko tsohon. Na ce za a faɗa mana in an gama.

Ba a faɗa ba. Da aka gama, mota ta zo ta kwashe kwalaye da fayiloli da na'urar awon da suka kawo. Ba wanda ya tara mutane ya ce ga abin da muka gano, ga abin da jikinku ya koya mana, mun gode. Na rubuta wa cibiya sau biyu. Amsa ɗaya na samu, cewa ana kan nazari.

Kawu bai ƙara sa ƙwayar hawan jini a bakinsa ba, ko tsohuwar da ya sha shekaru lafiya lau. Na roƙe shi, na sa liman ya roƙe shi. Ya ce ya gama da kwali. Damina uku bayan haka ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Yana raye, 'ya'yansa ke noma gonar, ni ke zuwa duk safiya in motsa masa hannu da ƙafa kafin in wuce aiki.

Bara wasu suka zo, nasu kan ciwon suga ne, su ma asibitoci da yawa. Mai gari ya aiko a kira ni in yi musu tafinta. Na ce zan yi, in za su rubuta su sa hannu cewa za su dawo su faɗa wa mutane sakamako a gaban masallaci, kuma rahoton duk wanda ya faɗi zai tafi cibiya kai tsaye daga hannun nas. Shugabansu ya yi murmushi, ya ce wannan ba a hannunsa yake ba, sai ya tambaya. Suka sha ruwa, suka yi sallama. Bayan mako biyu na ji sun fara ɗaukar mutane a wani gari wajen Tsiga.