Zayyana ta Huɗu

Har yau ina tuna ranar da Malam Buba ya hana ni ɗaga kyamara a zaurensa. A shekarar da aka yanke Jihar Bauchi ne. Abokan aikina na makarantar sakandare a Gombe duk sun kwashe sun tafi sabbin ma'aikatu, kowa da sabuwar motarsa. Ni malamin zane na rage a ɗakin malamai, ni da kujeru.

Lokacin ina karatun digiri na biyu a Zariya kan tarihin zane. Ƙa'idar ita ce a ba ka hutun karo ilimi, ka rubuta kundi. In wa'adi ya cika ba ka gama ba, ka koma aji, karatun ya wuce ka. Na zaɓi zayyana, wato adon da marubuta ke yi wa Alƙur'anin hannu. Manya huɗu ne, ɗaya a farkon kowane rubu'i, kuma malamin da ke duba aikina ya ce sai ya ga hoton huɗun daga hannun mutum guda.

Malam Buba tsohon marubucin Alƙur'ani ne a unguwar Jekadafari. Masu koyo a wurinsa sun watse, wasu tuƙin tifa, wasu kamfanin hanya. Da na je ɗaukar hoton Alƙur'anin da ya rubuta, ya shafa kyamarar ya ture ta.

“Abin da ake ɗaukar amare da shi za ka haska wa Littafin Allah? A'a, ɗan boko. In kana so, yi alwala ka kwafa da hannunka.”

“Allah gafarta Malam, lokaci ya ƙure mini.”

“Ni da na fi ka ƙurewar lokaci ban yi gaggawa ba.”

Haka na zauna. Kullum bayan azahar ina kwafa, shi yana jan carbi. Wani yinin ba mai sallama sai mai tallan fura. Sannu a hankali na gama uku.

Saura mako a rufe karɓar kundi na buɗe rubu'i na huɗu, sai na tarar da farar takarda. An ja mata iyaka kawai.

“Nan idona ya tsaya,” in ji shi. “Ban faɗa maka ba don kada ka gudu kamar sauran.”

Na ce, “To ni yanzu me zan kai Zariya?”

“Tun damina kake kwasar nawa, ban ce uffan ba. Yau ranar biya ce. Ɗauki alƙalami.”

Na ɗauki alƙalami a hankali, don wannan shafin Alƙur'anin ne, ba takardar gwaji ba. Yana faɗa ina ja: “Ja daga dama. Ratsa shi da rawaya. Kada ka cika tawada, ba kunu kake damawa ba.” Kwana uku muna yi. Da ta bushe na kwafe ta, na rubuta a kundi cewa tsarin na Malam ne, hannun nawa ne. Aka yi gardama a Zariya, daga baya aka karɓa.

Ku da kuke wannan karatu yanzu, ku sani aikinmu kwasa ne daga hannun mutanen da ba mai zuwa wurinsu kuma, kuma akwai hakki a ciki.

Da na je yi masa albishir, bai tambayi digirin ba. Ya sa na miƙo masa shafin, ya bi shi da yatsa har ƙarshe.

“Alhamdu lillahi, ya cika,” ya ce. “Tashi ka tafi aji. Ba na bin ka komai.”