Rijiyar da Na Cike da Hannuna

A shekarar da aka jawo mana famfo, ni ne sakataren kwamitin unguwa. Ina koyarwa a firamare, saboda haka duk takardar da za a kai ƙaramar hukuma ni ake nema in rubuta. Garinmu yana ƙasar Kiru, ba nisa da Kafin Maiyaki. Bayan doguwar zirga-zirga aka haƙa mana rijiyar burtsatse a bayan filin ƙwallo, aka ɗora tanki a sama, aka ja bututu gida-gida. Gidanmu yana cikin na farko da ruwa ya shiga, kuma na yi ta taƙama da haka.

Kafin nan muna da rijiya a tsakar gida, wadda kakana ya haƙa. Ruwanta garai yake, ga daɗi, ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Matan maƙwabta sukan shigo su ɗiba duk ranar da za su dafa wake ko wanke fararen kaya. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, da shi take yin awara. Tun rasuwar babanmu ita ce sana'arta: ta jiƙa waken suya, a markaɗo, ta tace, ta dafa madarar, ta zuba ruwan tsami, ta danne da dutse. Ranar kasuwa har daga ƙauyuka ake aikowa a saya.

Ranar da aka saki ruwan, na tara a kofi na kai mata. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta tofar a gindin bango. Da yake ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye in akwai wani a wurin. Sai ta dubi matata ta ce, "Gaya masa ruwan nan zartsi ne."

Na yi dariya na ce, "Inna, warin sabon bututu ne. Kwana biyu zai wuce."

A lokacin yarana sun kai huɗu, ɗaki ɗaya da rumfa sun yi mana kaɗan. Babu wani fili a gidan sai inda rijiya take. Na tayar da maganar cike ta sau biyu, Inna ta yi shiru, ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin yarda, domin haka nake so ya zama. Da ta tafi suna Bebeji za ta yi mako guda, na kira magina. Muka rushe tsohon rumbu, muka zuba ɓaraguzansa a rijiyar, muka ƙara da amalanke shida na jar ƙasa. Ni da kaina na riƙe shebur. Kafin ta dawo an fitar da harsashin ɗaki.

Ta shigo da ƙullin kayanta a ka, ta tsaya. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta tambayi matata, "Gugan fa, yana ina?" Aka ɗauko mata. Ta naɗe igiyar, ta shiga da shi ɗaki. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Warin bututun ya wuce, zartsin bai wuce ba. Wake ya fara ƙin nuna. Sai a ƙare itace a kansa yana ƙwal-ƙwal, sai an cika masa kanwa har ya yi baƙi. Shayi ya riƙa yin wani yauƙi-yauƙi a sama. Butar ƙarfen da muke dafa ruwa ta yi farin ɓawo a ciki, ana kankarewa da cokali yana dawowa. In mutum ya yi wanka sai jikinsa ya yi fari fat, fatar ta ɗaure. 'Yata ƙarama ta riƙa susa har ta yi wa ƙafafunta tabo, gashinta kuma ya bushe yana karyewa a hannun mai kitso.

Akwai ranar da har yau nake jin kunyarta. Na ɗauko farar rigata ta zuwa masallacin Juma'a, na ga ta dafe, ta yi tauri kamar buhu. Na hau matata da faɗa. Na ce sabulu sanda guda ba ya kwana uku a hannunta, ga ɓarna ga rashin iya wanki. Ta tara ruwa a baho, ta ajiye a gabana, ta miƙo mini sabulun da rigar.

"Malam, bismilla. Ka nuna mini yadda ake yi."

Na tsugunna na yi ta cuɗa. Ko kumfa ɗaya babu, sai wani dusa-dusa mai launin toka yana yawo a kan ruwan yana manne wa yadin. Na ɗago na ga hannuwanta, duk sun tsattsage tsakanin yatsu. Wata huɗu tana fama da wannan, ban taɓa dubawa ba.

Awarar Inna ce ta fi shan wahala. Madarar takan tsinke tun kafin a zuba ruwan tsami, abin da kwano guda ke bayarwa a da, yanzu ko rabinsa ba a samu, kuma in an soya sai ta yi ta marmashewa a mai. Masu saye suka fara cewa hannun tsohuwa ya canja. Ta gwada aikawa a ɗebo mata daga wata rijiya a ƙarshen unguwa, sai aka tarar su ma sun cike tasu. Gida biyar ne suka bi sahuna, kowa yana cewa ai Malam mai ilimi ma ya cike. Wata safiya ta wanke tukunyar, ta kife ta a bayan ɗaki, ta ba wata maƙwabciya dutsen dannewar. Shekara ashirin da wani abu tana wannan sana'a.

Na rubuta takardar koke, na zuba ruwan a gora, na kai ofishin da ke kula da aikin. Sai a zuwa na uku na sami jami'in. Ya ɗaga gorar ya duba a hasken taga.

"Malam, ai wannan ruwa ne mai tsabta. Ba ƙwayar cuta a ciki. Dutsen da ke ƙarƙashinku ne haka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a gwada ba ne kafin a ja mana?"

Ya ce, "Ku da kuka samu ke nan. Akwai garuruwan da suke sha tare da shanu. Ku gode wa Allah." Ya miƙo mini gorata. Ko kurɓa bai yi ba.

Na nemo mai haƙar rijiya, wani dattijo, na ce ko da fasa ɗakin ne a tono tsohuwar. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa daɓen, ya ce bangonta ya riga ya rufta da nauyin abin da muka zuba, ba zai sa ɗan mutum a ciki ba. Sauran wurin da ya rage a gidan kuwa ya yi kusa da masai.

Tun daga nan damina ta zama lokacin hutunmu. Da hadari ya haɗo sai Inna ta fito da duk abin da zai riƙe ruwa, har kwanon sha, ta jera ƙarƙashin indararo. Ta rayu shekara uku bayan haka. Ba ta taɓa shiga ɗakin da na gina ba, ko da matata ta haihu a cikinsa. Daga bakin ƙofa ta karɓi jaririn.

Bara famfon ya fara ɗigo, ya zo ya tsaya. Mai gyara ya yanke bututun ya nuna mini cikinsa: farin dutse ya toshe shi, saura 'yar kafa da ko tsinke ba zai wuce ba. Ya ce haka yake yi a kowane gida, in sa sabo, bayan 'yan shekaru in sake kiransa. Na sa, don ba ni da yadda zan yi. Da shi ake wanke-wanke da bayan gida.

Ruwan sha da na girki kuwa, duk Asabar nakan ɗaura jarkoki biyu a bayan babur in tafi Badafi, gidan surukaina, inda har yanzu suke da rijiya. Hanyar fita garin ta gaban majalisar dattawan unguwa take. In na zo wucewa sai wani ya ɗaga murya, "Sakatare, an tafi ɗebo na daɗin?" Sai in ɗaga hannu in ce, "An tafi," in ƙara mai.