Ranar Da Aka Kashe Jan Layi

Shekarun baya, ina sabuwar gama karatu, na samu aiki a wani ɗan buro, wato ofis, a Gidan Rumji. Manhajar waya muke ƙerawa, mai sanar da makiyaya ranar da masu allurar dabbobi za su zo yankinsu. Ni aikina gwaji. Maimakon in wuni ina latsa waya har yatsa ya yi kanta, sai na rubuta wani shiri da ke buɗe manhajar da kansa, ya danna nan ya danna can, ya katse rezo, wato sabis ɗin waya, ya mayar, sannan ya fitar da rapor, wato rahoton gwajin. Na sa rapor ɗin ya riƙa fitowa da Hausa ƙarara: abin da ya yi daidai kore, abin da ya lalace ja, ga bayani a ƙasa wanda kowa zai gane. Ina ji da shi kamar ni na ƙera jirgin sama. Har mahaifiyata na nuna wa, ta ce, "To, Allah shi yi albarka," ta ci gaba da tankaɗenta.

Ana gab da sakin manhajar, layi ɗaya ya ƙi barin ja. In rezo ya ɗauke, wayar sai ta ci gaba da nuna tsohuwar rana, ba ta gaya wa mutum cewa labarin ya kwana ba. Na kai wa shef ɗinmu, shugaban buron. Ya duba sama-sama.

"Cire wannan jan. Masu proje, da suka zuba kuɗin aikin nan, na zuwa daga Maraɗi, ba na son su ga ja."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a daji rezo zuwa yake ya tafi. Kuma mutanen da muka yi wa abin can suke."

"Ke, gwaji aka ce ki yi, ba wa'azi ba."

Na ƙi. Sai ya sa wani abokin aikina ya kashe gwajin wannan layin gaba ɗaya. Baƙi suka zo, rapor kore shar, aka tafa, aka sha lemo. Ni ina gefe raina na tafasa.

Ba a jima ba aka ɗaga ranar allura a Cadakori. Mun sauya a buro, amma wayoyin daji ba su ji ba. Cikin bazara ne, rijiyoyi sun ja baya. Makiyaya suka koro shanu da tumaki daga nesa, suka iske fili wayam. Cikinsu har da kawuna, wanda ni da hannuna na sa masa manhajar. A hanyar komawa saniyarsa mai ciki ta kwanta, ba ta tashi ba.

Ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, gara ma da ya ɗaga.

"Ɗiyata, ke kinka ce in yarda da wagga waya. Mi munka yi muku?"



Da ƙorafi ya kai Maraɗi aka tara mu. Shef ɗin nan, ko kunya babu, ya dubi jama'a ya ce, "To, wa ke da alhakin gwaji a nan?" Idanu suka yo kaina. Na miƙe na faɗi yadda aka yi tiryan-tiryan. Abokin aikina ya kafa wa ƙasa ido. Shef ya ce ba ni da ladabi, kuma maganar ladabin ce ta cinye taron. Saniya ko ambatonta ba a yi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, da aka zauna gyaran, kafin la'asar an gama. Ɗan wannan aikin aka ƙyashe wa mutane, don kada baƙi su ɓata fuska. Babu wanda ya taka daga buro ya ba makiyaya haƙuri. Na ajiye aikin, shef kuwa daga baya har ƙarin girma ya samu.

Yanzu aikin kaina nake yi, kuma sharaɗina ɗaya ne: rapor na zuwa wa kowa, mai aiki da mai kuɗin aiki, ba mai taɓa shi a hanya. Wasu sun fasa ba ni aiki saboda haka, Allah raka taki gona.

An ce in yafe, na kuma yafe, amma har yau ban manta ba. Kawuna ya koma tambayar direbobin kasuwa ranar allura. In na je gaishe shi wayata ta yi ƙara, sai ya ce, "Tambaye ta dai, ta tabbata?" Shi dariya yake yi. Ni ban taɓa iya taya shi ba.