Ɗan Duron Kaka Ige

A hannun kakata, Kaka Ige, na tashi, a wani ƙauye tsakanin Argungu da Augie. Uwata kuwa, an ce mini ciwo ne ya ɗauke ta ina jariri. Da damina, in an gama cin tuwo, Kaka takan zuba ɗanyen ganyen dogon yaro a murhu don korar sauro, mu jikoki mu kewaye ta muna tari. Tatsuniyoyinta ba su ƙirguwa, amma akwai ɗaya da na tsana, ga shi ba ta fashin ta duk ranar da hadari ya haɗu a gabas. Ba ta ma jiran mu ce ta zo mu ji ta.

"Wata ɗiya ta," in ji Kaka, "tat taho gidansu wankan jego. Bayan gidan akwai 'yar ƙorama, ko akuya na tsallake ta."

Ran nan ɗiyar ta je wanki da ɗan duron uwarta, na ƙarfe, wanda bai fi tulu guda ba. Sai ta ga ruwan ya yi ja, yana tafe da kumfa da karmami. Kowa a yankinmu ya san wannan: an sheƙa ruwa can tudu, ko da sama tana fes a kanka, maza ka haye. Ta kwashi tsummokaran jariri ta gudo, ta bar duron a kan yashi. Uwar tana daka, ta ɗaga kai ta ga rana ƙwal. Ba ta tambayi launin ruwan ba.

"Ke raguwa! Koma ki ɗauko mani durona!"

Ta koma. Ruwan ya zo gaba ɗaya.

A nan Kaka take yanke tatsuniyar, ko ƙurunƙus babu. Wata rana haushi ya kama ni na ce, "Haba Kaka, wannan wace irin tatsuniya ce? To jaririn fa?"

"Shina nan," ta ce, tana tura itace a wuta, "shina cin tuwo, shina tambayar banza."

Aka kwashe da dariya. Har da ni, sakarai.

Bayan shekaru, ina zaune a unguwar Gesse da 'ya'yana biyu aka aiko Kaka ta rasu. Bayan sadakar uku muna kwashe kayan ɗakinta, na jawo wani ɗan duro daga ƙarƙashin gado, ya lotse gefe guda, tsatsa ta cinye gindinsa. Kawu Bala, ɗanta na fari, ya daɗe yana kallonsa.

"Masunta sunka tsamo shi," ya ce. "Ita kau uwarka, sai kusa da Argungu anka gane ta."

Da can na ɗauka gargaɗi take yi mana kada mu raina ƙaramin ruwa. Ashe duk damina laifinta take faɗa mini a gaban kowa, tana jiran in gane in ce na yafe. Wallahi da na yafe mata. Amma ni dariya na yi.