Ranar da Na Saki Igiyar Kawu Ilu

Jama'a, assalamu alaikum. Wata goma ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Masu cewa Habu mai rijiya ya tsere Nijar, ban je ko'ina ba. Jinya na yi, irin wadda mutum ke kunyar faɗin sunanta. Tiramol ne ya kada ni.

Ni da Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, yasar rijiya muke yi. Shi ke shiga ciki, ni ke sama riƙe da igiya ina jawo gugan laka. Shekara goma sha ɗaya muna haka.

Bara da ruwa ya ƙi, gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, rijiyoyi sunka ƙafe daga Gangara har Turba. Kowane gari nemanmu yake. Mu gama wannan da azahar, a zo da babur a kwashe mu zuwa wata. Bayana ya fara ciwo, tafin hannuna ya tsattsage.

Wani mai tallan magani a kasuwar garin Isa ya ba ni Tiramol guda biyu, ya ce maganin gajiya ne. Kuma ya yi aiki, ba ni ɓoye muku. A lokacin babu mai ce mishi ƙwaya. 'Yan dako na sha, 'yan kabu-kabu na sha, a fili, da shayi. Har yaba ni ake yi, wai Habu bai san gajiya ba.

Biyu sunka koma huɗu, huɗu sunka koma abin da ban son tunawa. Abinci ya fita raina. Matata Kuluwa ta ce idona ya sake, na hau ta da faɗa.

Wata Laraba a Turba, Kawu na can ƙasan rijiya, zurfin gaba goma sha biyu. Ina jan guga cike da laka, ya kusa baki, sai na ji harshena ya yi nauyi. Ban san sauran ba. An ce na faɗi ina shure-shure, kumfa na fita a bakina. Gugan ya koma ciki, ya sauka a kafaɗar Kawu. Da kai ya samu, da yau wani labarin ake yi.

Kafin a fiddo shi, an ga ƙwayoyin sun zube daga aljihuna. Masu yabona na jiya su sunka fara: ɗan ƙwaya, a ɗaure shi, a kai shi gidan mari. Anka jawo Kawu hannu na reto, abin da ya fara tambaya shi ne, "Habu na da rai?" Da ya ji maganar ɗauri sai ya ce, "Ku da kunka hana shi hutu ko na yini guda? Ciwo ne gare shi. Asibiti za mu."

Daga asibitin Isa anka tura mu Sakkwato. Anka ɗebi jini da fitsari, anka liƙa mini wayoyi a kai don duba ƙwaƙwalwa. Akuyoyin Kuluwa biyu sunka tafi a nan.

Likita ta ce, "Nawa kake sha a rana? Kada ka rage ko ɗaya."

Na ce uku.

Kawu na gefe, hannunshi rataye a wuya. Ya ce, "Habu, ban shigo mota da karyayyen ƙashi don in ji ƙarya ba."

Na ce goma.

Likita ta ce farfaɗiyar daga maganin take, ba aljani ba ne, kuma jikina ya riga ya saba, sai an janye shi sannu a hankali. Sati biyun farko ba ni fata ko maƙiyina ya gan su. Gumi, gudawa, rawar jiki, ƙashina kamar ana sussuka. Ƙato da ni ina kuka ina roƙon ko rabin guda.

Kawu ya shimfiɗa tabarma gindin gadona. Da hannu guda yake dama mini fura. Kwana ashirin da uku, bai taɓa ambaton gugan nan ba, ko da wasa. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Ni kuwa ba mutuwa nike tsoro ba. Tsorona, wane mai hankali ne zai sake shiga rijiya ni ina sama?

Da munka dawo gida, wasu na ganina sai su gyara zama. Amma mutum biyu sun same ni a ɓoye suna tambayar hanyar asibitin, ɗaya ma cikin masu cewa a ɗaure ni yake. Kawu ne ya raka shi tasha.

In kana sha, kada ka yanke shi kai ɗaya a ɗaki, je asibiti, ka faɗi adadin gaskiya. In wani ya faɗi gabanku, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku cusa mishi cokali a baki. Kuma ku bar ɗaure mutane.

Na gode wa Allah. Na gode wa Kuluwa da likitata, wadda har yau nike zuwa wurinta duk wata. Kawu kuwa ban san da wane baki za ni gode mishi ba.

Satin da ya wuce likita ta yarda in koma aiki, anka kira mu wata rijiya a Gangara. Mai garin ya kawo ƙarti biyu su riƙe igiya. Kawu ya ɗaura ta a ƙugu, ya wuce su, ya miƙo mini. Na ce, "Kawu, ka ba wani."

Ya zura ƙafa cikin rijiya, ko waiwayowa bai yi ba. "Riƙe, Habu. Rana na yi."

Na riƙe.