Saje Gimba Bai Taɓa Cin Bashi Ba

Duk unguwar Mile 2 Diobu da ke Fatakwal babu wanda bai san Saje Gimba ba, kuma babu wanda Saje bai gaya wa cewa shi tun da uwarsa ta haife shi bai ci bashin kowa ba. Ko gaisuwa kuka yi ta ɗan yi tsawo, sai ya san yadda ya sako zancen. Shekara ashirin da biyu ya yi a soja, ya fito da ɗingishi a ƙafar hagu, da ɗan fansho, da wannan taƙama. A Fatakwal aka sallame shi, a nan kuma ya zauna yana gadin wani siton siminti a Rumuokoro. Komawa gida ba ta taso ba, don ƙauyensu ya watse tun da 'yan bindiga suka matsa masa. 'Ya'yansa uku ma a nan aka haife su, Hausarsu rabi buroka ce.

Ɗaki biyu yake haya shi da matarsa Zuliha, shekara goma sha huɗu. Da mai gidan ya mutu, magada suka sayar da gidan, aka ba kowa wa'adin wata huɗu ya kwashe kayansa. Zuliha ta yi kuka. Saje ya ce ta bar ɓata hawayenta, ya ji an ce gwamnati na ba tsofaffin sojoji lamunin gida, a riƙa cira a hankali. Idan ana neman mai gaskiya, ai shi ya kamata a fara kira.

To, ga yadda Saje yake da kuɗi. Ranar da fansho ya shigo, ranar yake cire shi tas, don bai yarda dukiyarsa ta kwana a hannun wanda bai san fuskarsa ba. Ya ɗebi na cefane da haya, sauran ya kai wa Alhaji Indabawa, dillalin albasa, ajiya. Haka ubansa ya yi da wani attajirin garinsu, haka shi ma ya gada. Babu takarda, babu sa hannu. A wurinsu neman rasit zagi ne.

Ranar Litinin ya goge kaftaninsa, ya ɗauki takardar sallama da lambar yabonsa, ya tafi ofishin lamunin. Ya yi sa'a ma'aikacin da ya same shi Bahaushe ne haifaffen Inugu, sunansa Imrana. Imrana ya gaishe shi da ladabi, ya daɗe yana danna kwamfuta, sannan ya sosa ƙeya.

"Baba, ba ka taɓa karɓar bashi ba ne? Ko na banki, ko na kofaretif?"

Saje ya gyara zama, ya ɗaga kafaɗa. Ai wannan tambayar yake jira.

"Ko sisin kwabo, ɗana. Je ka Mile 2 ka tambaya."

"To, wahalar ke nan, Baba. Su so suke su ga ka taɓa karɓa ka biya. Kai sunanka babu komai a ƙarƙashinsa, ba mai kyau, ba marar kyau. Asusunka kuma kuɗi ba ya kwana. A takarda, kamar ba ka da ko taro."

Saje ya ɗauka wasa ne, har ya yi dariya. Da ya ga Imrana bai dara ba, sai ransa ya ɓaci. Ya tashi ya hau okada sai kasuwa. Ya roƙi Alhaji Indabawa shaidar ajiyarsa a rubuce. Alhaji ya sa aka rubuta wasiƙa da shaidu biyu, ya ce idan ma kuɗin Saje yake so a yau, zai haɗa masa. Saje dai ya ji kunyar neman takardar har cikin ƙashinsa.

Washegari Imrana ya karanta wasiƙar sau biyu, ya mayar masa da hannu biyu.

"Wallahi na yarda da ita, Baba. Amma na sama ba za su karɓa ba. Ko ka zuba kuɗin yau, sai sun ga yana shiga yana zama na wata goma sha biyu. Ka kuma ɗauki wani ɗan abu a kan bashi, kana biya duk wata, a ga tarihinka."

"Shike nan?"

Imrana ya duƙar da kai. Ya ce akwai sauran magana ɗaya: wanda ya cika shekara sittin ba a buɗe masa fayil. Saje ya lissafa da yatsu a ƙarƙashin tebur. Saura wata bakwai ya cika.

Ya fito ya tsaya a bakin titi, motoci na ta wucewa, ya rasa inda zai nufa. Ajiyar tasa ba ta kai ko rabin fuloti ba a garin nan, hayar sabon wuri kuwa shekara biyu ake nema a dunƙule. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a daji, don a can aƙalla akwai mai ba da oda. Da ya duba, oda ɗaya kawai aka ba shi a duk wannan lamari, ita ce ya je ya ci bashi. Ya san ba za ta fisshe shi ba. Amma zama haka nan ya fi ƙarfinsa.

Ya shiga wani shagon kayan lantarki da ke ba da kaya a biya kaɗan-kaɗan. Ya zaɓi firji. Da kuɗin firjin a aljihunsa, waɗanda Alhaji ya ba shi daga ajiyarsa, amma ya ce a rubuta masa bashi na wata goma sha biyu. Ya sa hannu. Bai yarda ya haɗa ido da kowa ba.

Da la'asar mai Keke Napep ya sauke firjin a ƙofar gida. Maƙwabta biyu sun riga sun tashi, na uku yana ɗaure katifa. Zuliha ta fito tana goge hannu da zani, ta dubi firjin, ta dubi mijinta, fuskarta ta washe.

"Malam, an ba mu gidan ke nan?"

"Kama mini mu shigar."

Ta kama. Suka tura shi da ƙyar ya tsaya tsakanin gado da buhunan da ta fara cusa kayansu a ciki. Ta tsaya tana haki, murnar tana zagwanyewa a hankali.

"Malam, idan wa'adi ya cika, ina za mu kai shi?"

Saje ya durƙusa yana laluben soket a bayan gado, ya daɗe bai ɗago ba.