Kyamara da Ƙeyar Inna

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na Rogo ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa Tudun Kaya, a can na yi wayo, sai dai in zo gidanmu a Fulatan da hutu kamar baƙo. In na shiga gida na durƙusa na ce, "Inna, ina kwana?" bango take amsa wa. In kuwa tana da magana da ni, akuya take gaya wa. Ba wasa nake ba. Akwai wata jar akuya da ta daɗe a gidan, duk saƙon da za a aiko mini ta kunnenta yake bi. Inna za ta dubi akuyar ta ce, "A gaya wa mutumin Ƙaraye tuwonsa na hucewa." Ni ne mutumin Ƙarayen, don can nake zama yanzu, kuma ga ni zaune taku uku daga wurin, da gemuna har da furfura.

Kunya ce, ba ƙiyayya ba, kowa ya sani, ni ma na sani. Haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin. Na yi shekara arba'in da 'yan kai ban ɗauki abin da zafi ba, har ranar da autarmu, wadda take aure a nan cikin Ƙaraye kusa da ni, ta kai Inna asibiti. Ta dawo ta ce mini yanar ido ce ta fara rufe wa Inna idanu, na hagu ya kusa tafiya, na dama yana biye da shi, Inna kuma ta rantse ba mai sa mata wuƙa a ido. Na kwana biyu abinci ba ya yi mini daɗi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne idon nan zai rufe ban taɓa ganin yadda yake kallona ba.

Auta ta ce, "Yaya, in hoto kake so ai ga su nan cike da wayata." Ta turo mini. Ga Inna tana dariya har dasashi a waje. Maimakon in ji daɗi sai na ji haushi. Wannan dariyar ta Auta ce. Wanda ya riƙe kyamara shi ake kallo, ni kuma tawa nake so, ko da ta cikin gilashi ne. Na taɓa gwadawa da wayata, amma sai na matso kusa kafin ta ɗauki wani abin kirki, Inna kuwa tun kafin in zaro ta daga aljihu ta juya. Sai na yanke shawarar cewa laifin waya ne.

Na shiga mota na tafi Kano. Mai shagon da na faɗa hannunsa ya ɗauko mini wata baƙar kyamara mai nauyi, irin ta masu ɗaukar hoton biki, ya ɗora mini a tafin hannu kamar jariri. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ba waya ba ce. Madubi ne a cikinta, duk abin da gilashin gaba ya gani shi idonka zai gani ta 'yar tagar nan. Gilashin ma cire shi ake yi a sa wani. Ka ga wannan dogon? Daga nan za ka ƙirga haƙoran mutumin da ke tsallaken titi. In ka danne maɓalli ba ka ɗaga yatsa ba, kafin mutum ya ƙifta ido ta ɗauke shi sau biyar. Kuma tana gane fuska da kanta." Ya kunna allon baya ya saita yaron maƙwabcinsa, sai ga wani ɗan koren akwati ya zagaye fuskar.

Na ce, "In mutum ya kau da kai fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, wa zai kau da kai daga wannan kyamara?"

Bai san Inna ba. Na ɗauki hutun mako guda daga ofis, lokacin cirar gyaɗa, na hau babur da kyamara rataye a wuya. Kafin in isa Fulatan wuyana ya ƙage.

Na tarar da ita a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, faifai a cinya. Na gaishe ta, ta amsa wa bango, na koma gefe na ɗaga kyamara. Ashe kafin ta ɗauka sai ta yi wani ɗan kuka, ƙit-ƙit, wai ta sanar da kai ta saita. Inna ta ji wannan ƙit-ƙit sau ɗaya ta haddace shi. Ta juya. Koren akwatin ya yi ta yawo a allo yana neman fuska, ya bi ta kan ƙeyarta, ya bi ta kan randa, daga ƙarshe ya sauka a kan akuya. Wallahi ban zaci akwai akuyar da aka taɓa ɗauka hoto mai kyan wannan a duk ƙasar Rogo ba. Har gashin idonta ana iya ƙirgawa.

Washegari na gwada dabarar danne maɓalli. Madubin ciki ya yi ta ƙas-ƙas-ƙas kamar keken ɗinki, kaji suka watse. Na duba allo: ƙeya, ƙeya, kunne, faifai, faifai. Tsohuwar da ke cewa gwiwa ta hana ta zuwa rijiya, ta fi injin Turawa sauri.

Kafin azahar labari ya karaɗe ƙauye cewa mutumin Ƙaraye ya zo da kyamarar gwamna. Aka cika ƙofar gidanmu. Liman ya zo da rawani, mai unguwa ya zo da sanda, wani ya jawo bijiminsa ya ce a ɗauke su tare amma a fi fito da bijimin. Wani dattijo ya koma gida sau uku yana canza hula. Ba ka isa ka ce wa kowa a'a ba, domin duk wanda ya tsaya a gabanka ko dai ya goya ka ko ya je sunanka. Na ɗauki kowa, har batir ya mutu, na hau babur na kai shi shagon cajin waya na zauna gadinsa. Duk ƙauyen ya kalli cikin gilashina yana murmushi, ban da mutum ɗaya da na sayi kyamarar dominta.

Rana ta huɗu na sa dogon gilashin. Akwai darbejiya a bayan katangar gidanmu. Na naɗe riga na hau, ni ma'aikacin ƙaramar hukuma mai 'ya'ya biyar, na kwanta a kan reshe ina leƙen gidan ubana. Ta cikin 'yar tagar na hango ta tar, har zanen da ke gefen kumatunta, kanta a sunkuye. Abin da ya rage kawai ta ɗago. Ina riƙe da numfashi sai ga Baffa, ƙanin mahaifina, ya taho daga gona. Ya tsaya a gindin bishiyar ya ɗaga kai.

"Sannu da hutawa."

Na ce a hankali, "Yauwa Baffa, sannu."

"Ina gajiya? Ya mutanen Ƙaraye? Ya iyali? Ya yara? Ya aiki? Ya muka ji da zafin nan?"

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da muryar da ake kiran shanu da ita, ni ina amsawa daga sama. Har ya gama ya wuce bai tambaye ni abin da nake yi a kan bishiya ba, wai don kada ya ba ni kunya. Sai na ji muryar Inna daga cikin gida, kanta na nan a sunkuye, tana gaya wa akuya, "A gaya wa na kan bishiya reshen da yake kai gara ta ci shi." Na sauko da sauri, cinnaku cike da wando.

Daga nan na kira Auta a waya na ce ta zo ta sa baki. Ita ai ba abin da ba ta gaya wa Inna, har kwanciya take yi a cinyarta, ƙatuwa da ita. Ta zo ta zauna ta ce, "Inna, don girman Allah ki dubi Yaya sau ɗaya, ya ɗauka ya huta."

Inna ta ce, "Na rasa abin kallo ne? Ke dai ba ki da ta ido. Tashi ki ɗauko mini ƙwarya."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ji kamar na koma yaron nan da ake saukewa daga jaki a ƙofar gida, yana jira a ce masa ya girma, ba a ce ba. Na rasa wanda zan gaya wa, sai na tsinci kaina ina duban akuya ina cewa, "A gaya wa masu gidan nan na gaji, gobe zan koma inda na fito." Akuyar ta ci gaba da tuƙa. Auta ta toshe baki ta shige ɗaki, ina jin ta tana shaƙewa da dariya.

Da safe na ɗaure jakata a babur. Abu ɗaya ne a kyamarar ban gwada ba: wai ka danna, ta ƙirga goma, ta ɗauka da kanta. Na ce tunda na ɗauki liman, na ɗauki bijimi, bari ni ma in sami hoton kaina a tsakar gidan da aka haife ni. Na kifa turmi na ɗora kyamara a kai, na ajiye kujera 'yar tsugunne a tsakiya. Inna na can baya a ƙofar ɗakinta da faifanta, ta ba ni gefe kamar kullum. Na danna, na ruga na zauna, na fuskanci kyamara, na ba Inna baya, na haɗe rai irin na manyan ma'aikata. Ƙas. Na duba ɗan allon cikin hasken rana, na ga na fito dishi-dishi, hula da hanci duk sun haɗe. Na yi tsaki na jefa ta a jaka. Ban sani ba a lokacin, ashe kyamara tana saita idonta ne sa'ad da ka danna, ba sa'ad da ka zauna ba. Da na danna kujerar ba kowa, sai ta saita kan abin da ta samu a baya.

Sai bayan kwana uku na zare katin na sa a kwamfutar ofis, don mutanen ƙauye sun dame ni da waya, musamman mai bijimi. Na yi ta wucewa. Ƙeyar Inna daga hagu, ƙeyar Inna daga dama, ƙeyar Inna daga kan bishiya. Sun fi ɗari huɗu. Da za a yi gasar sanin ƙeya, ba ɗan da zai kama ƙafata. Na iso hoton ƙarshe, na kai hannu zan goge, sai na tsaya.

Ni ne a gaba, baƙi-baƙi kamar hayaƙi. A bayan kafaɗata kuwa ga Inna raɗau. Ta ɗago kai. Hannunta ya tsaya cak a cikin faifai da gyaɗa tsakanin yatsu, ta ɗan karkata wuya don ta ba idon dama hanya, tana kallon bayana. Ba dariya take ba. Irin kallon da mace ke yi wa tukunyar da ta ɗora a wuta ne, ba ta son ta ƙone. Na jawo fuskar ta cika allo, na ga yanar a idon hagu fara fat, na ga na daman yana nan da sauran haskensa, duk a kaina. Sai a lokacin na tambayi kaina yadda aka yi ta san reshen da nake kai. Shekara arba'in da 'yan kai ina neman idon nan daga gaba, ashe yana bayana. Na rufe ƙofar ofis na yi kuka, masinja yana ƙwanƙwasawa ina ce masa ina taro.

Na je Kano na wanko shi babba, na ba Auta ta kai mata, don ni ban da ƙarfin halin tsayawa a wurin. Auta ta dawo da yamma da rabin hoto. Ta ce Inna ta kai shi dab da idonta ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambayi wanda ya ɗauka. Aka ce mata ba kowa, injin ne da kansa. Inna ta ce, "Shi ya sa. Ƙarfe ai ba shi da kunya." Ta ciro reza daga bakin zaninta ta raba hoton biyu, ta miƙo wajen da fuskarta take ta ce a mayar wa mai kaya kayansa. Ɗaya rabin, wanda nake ciki, ta ɗaga murfin kwalla ta saka.

Auta ta ce ta gaya mata, "Inna, ai wannan bai fito ba, Yaya ko ganuwa ba ya yi. Bari ya ɗauko miki mai kyau."

 Inna ta juya wajen akuya ta ce, "A gaya wa masu surutu, ni dama haka nake ganinsa, kuma ya ishe ni."

Idon dama ya rufe da damunar da ta biyo. Hoton na nan cikakke a kwamfuta, in na so yau sai in wanko guda ɗari. Rabin da aka maido mini shi na sa a gilashi.